Waƙar Wani A Bakin Wani: Gado Ne Ko Sata?

 

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun dattawa da teburan masu shayi, tun daga unguwar Gesse ta Birnin Kebbi har zuwa Argungu. Gardamar kuwa ita ce ta mawaƙan zamanin nan, waɗanda ake kira 'yan fiyano, da suka juyo kan tsofaffin waƙoƙin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da Barmani Choge. Yaro zai ɗauko waƙar da aka yi tun ba a haifi ubansa ba, ya shiga da ita situdiyo, a cire kotso da kalangu a ɗora fiyano, a goge masa murya da kwamfuta, a sake ta a TikTok ko YouTube. Kafin Juma'a ta zagayo ta cika wayoyin 'yan kabu-kabu da shagunan masu caji da gidajen biki.

Nan take sai jama'a su rabu gida biyu. Dattijo zai ce an yi wa waƙar kisan gilla, an tona kabarin mai ita, kuma yaran yanzu ba su da kunya ba su da basira, shi ya sa suke wawure kayan matattu. Saurayi kuwa zai ce, "Haba Baba, ai raya ta muka yi. Ba don mu ba, wa zai ƙara jin ta?" Daga nan sai baƙar magana, wani lokaci har da zagi, a tashi baram-baram ba wanda ya fahimci wani.

Tun da farko ya kamata mai karatu ya san cewa wannan rubutu ba fatawa ba ne a kan hukuncin kiɗa da waƙa. Malamai sun yi dogon bayani a kan wannan mas'ala, sun kuma saɓa a wasu sassanta, kowa sai ya koma ga malaminsa. Abin da ke gaban mai karatu a nan shi ne amana da haƙƙin mutane da harshe da tarihi. Waɗannan kuwa sun shafi kowa, har da wanda bai taɓa kunna rediyo don jin waƙa ba, domin ko shi bai ji ba, 'ya'yansa suna ji.

Ba a nan aka fara ba

Irin wannan rigima ta daɗe a ƙasashen Turawa. Suna da wani kiɗa da suke kira rok, na gita da ganguna masu ƙara, wanda masoyansa ke ɗaukar sa a matsayin kiɗan mazan jiya, suna kuma raina mawaƙan yayi waɗanda kamfanoni ke tallatawa don samari da 'yan mata. A shekarar 2000 mawaƙiyar nan ta Amurka, Madona, ta sake rera wata waƙa mai suna American Pie, wadda Don McLean ya yi a 1971. Waƙar asali ta fi minti 8, ita kuwa ta zubar da ɗiyoyi da yawa ta maishe ta kusan rabi, ta sa mata kiɗan rawa. Masoyan tsohuwar waƙar suka yi caa a kanta. Abin mamaki, shi mai waƙar yabawa ya yi, kuma sabuwar ta hau matsayi na ɗaya a kasuwar waƙoƙin Ingila.

Wadda ta fi wannan ban dariya ita ce ta Britney Spears. A 2001 ta sake rera waƙar I Love Rock 'n' Roll, sai masoya rok suka fusata, wai ta taɓa waƙar Joan Jett ta 1981. Alhali kuwa ita ma Joan Jett ɗin ba tata ba ce. Wata ƙungiya mai suna Arrows ce ta fara fitar da ita a Ingila a 1975. Wato da yawa daga masu kukan an taɓa asali, abin da ke hannunsu ma kwafi ne, ba su sani ba.

Darasin da ke cikin wannan a fili yake. Sau da yawa mai fushin ba waƙar yake karewa ba, ƙuruciyarsa yake karewa. Muryar da ya fara ji yana saurayi, ita ce asali a wurinsa, duk wadda ta zo bayanta kuwa jabu ce. Wannan ɗabi'ar ɗan Adam ce, ba a ce laifi ba ne, amma dai ba ta isa hujja ba.

Su magabatan a ina suka samo?

Idan aka dawo gida, za a tarar cewa rera waƙar wani shi ne ma hanyar da ake koyon sana'ar tun fil azal. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, bai faɗo daga sama ba. A gaban mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya tashi, ya kuma yi shekaru yana amshi a bayan wansa Abdu Kurna kafin ya ja nasa ayarin. A nan gida ma, gidan Ɗandawo, wanda Argungu da Yawuri suka sani, haka ya gudana, daga Aliyu Ɗandawo zuwa ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo. Yaro yana fara wa da ɗaukar kayan kiɗa, ya koma amshi, ya haddace waƙoƙin gidan da sunayen mutanen da ke cikinsu da dalilin ambaton kowa, sannan bayan shekaru a ba shi dama ya ja baki. Ba wanda ya taɓa kiran wannan sata, gado ake ce masa, kuma kyan ɗa ya gaji ubansa.

Aron karin waƙar waje ma ba 'yan fiyano suka fara ba. Tun da 'yan kasuwa Kwarori suka fara nuna finafinan Indiya a gidajen silima na Arewa, makaɗa irin su Abdu Yaron Goge na Jos suka riƙa ɗauko karin waƙoƙin Indiya suna zuba musu Hausa. Da finafinan bidiyo na Hausa suka kankama a Kano daga 1990, sai abin ya zama ruwan dare, har ya kai mai kallo yana iya faɗin fim ɗin Indiyan da aka ɗebo waƙa daga cikinsa tun kafin a gama amshin farko.

Saboda haka wanda ya ce maimaita waƙar wani a kan kansa laifi ne, to ya shirya tuhumar waɗanda yake karewa. Ke nan laifin yana wani wuri daban.

To ina laifin yake?

Na farko shi ne ɓoye sunan mai abu. Da yawa daga waɗannan sababbin waƙoƙi ana sakin su ne da sunan yaron da ya rera da hotonsa, babu ko ambaton wanda ya wahala ya ƙaga. Yarinya 'yar shekara 15 za ta ji, ta yaba fasahar yaron, ranar da kuma ta ji muryar Narambaɗa a rediyo sai ta ɗauka tsohon ne ke kwaikwayon yaron. Wannan ba raya waƙa ba ne, raba ta da ubanta ne. Al'ummar da aka gina iliminta a kan isnadi, wadda ba ta karɓar magana sai ta san wa ya faɗa, daga wa ya ji, ba ta da uzurin yin sakaci da wannan. Jingina magana ga mai ita yana daga cikin ladubban da ake koya wa ɗalibi tun yana Islamiyya, kuma ladabi ba ya tsayawa a ƙofar makaranta.

Na biyu shi ne karya harshe da ɓata ma'ana. Manyan makaɗan fada na wannan yanki da Hausar yamma suka yi waƙa, ta Sakkwatawa da Zamfarawa da Gobirawa da Kabawa, cike da kalmomin sarauta da na doki da na yaƙi waɗanda ba a jin su a kasuwa yau. Yaron da ya tashi da Hausar fim, idan ya ci karo da kalmar da bai sani ba, ba ya zuwa ya tambaya, sai ya musanya ta da wata mai kama da ita a kunne, ko da kuwa ba ta da ma'ana a wurin. Haka ake yi wa sunaye da sarautu. Wanda bai san cewa Sarkin Gobir na Isa, ubangidan Narambaɗa, daban yake da Sarkin Gobir na Sabon Birni ba, ko kuwa akwai Sarkin Kabin Argungu akwai kuma Sarkin Kabin Yabo, yaya zai riƙe amanar waƙar da ke lissafa waɗannan gidaje da kakanninsu? Waƙoƙin fada kundin tarihi ne, da su manazarta ke gane nasabar sarakuna da garuruwan da suka tashi da fari da yunwar da aka yi. Idan aka gurɓata su, kuma gurɓatacciyar ita ce ta fi yaɗuwa, to nan da shekara 30 ita za a ɗauka gaskiya.

Akwai kuma wata ɓarna da ba kowa ke lura da ita ba sai mai kunne. Hausa harshe ne mai karin sauti. Bambancin wuyan da ake rataya wa laya da wuyar da ake sha, ko kukan yaro da kukar miya, yana ga hawa da saukar murya da jan wasali. Kalangu da kotso an yi su ne don bin wannan hawa da sauka, makaɗi yana matsa tsarkiya yana saki, har gangar ta yi magana wanda ya sani ya ji. Kiɗa ne ke bin magana. A situdiyo kuwa ana fara tsara bugun fiyano ne, mai tafiya ɗaya kamar agogo, sannan a tilasta wa magana ta shiga ciki. Inda kalma ta yi tsawo a datse ta, inda ya kamata murya ta sauka a ɗaga ta. Ga kuma 'yan amshi, waɗanda a tsarin gargajiya suke karɓe zance daga bakin jagora su ƙarasa, su yi ƙari, sannan a koma gindin waƙa tare, yanzu an maye gurbinsu da muryar mutum ɗaya da kwamfuta ta ninka. Idan dattijo ya ce waƙar ba ta da gishiri, wannan yake nufi, ko da bai iya bayyana shi ba. A nan kam yana da gaskiya.

Na uku shi ne raba waƙa da muhallinta. Waƙar da aka yi don zuga manomi a gona, ko don tuna wa basarake halin kakanninsa a ranar Sallah, yau ita ake sa wa a tsakiyar fili maza da mata a cakuɗe ana liƙi. Kishiyar wannan ma ta faru. A Kano, a shekarun 1990, an sami ƙungiyoyin masu bege da bandiri, irin su Ushaƙu Indiya, waɗanda ke ɗauko karin waƙoƙin soyayya na finafinan Indiya su ɗora yabon Manzon Allah (S) a kai. Hujjarsu ita ce suna janyo matasa daga son 'yan fim zuwa son Annabi (S), kuma ba wanda zai shiga zuciyarsu ya ce niyyar ba ta da kyau. Amma masu suka sun kawo maganar da ba a ture ta ba har yau, cewa wanda ya san fim ɗin, yana jin karin zuciyarsa za ta koma ga rawar da ya gani. Kari yana riƙe abin da aka fara zubawa a cikinsa. Kwalbar kananzir ko an wanke ta sau bakwai, mai hankali ba ya zuba man shanu a ciki.

Darasi daga Gwandu

Abin takaici shi ne, mutanen wannan yanki ba su da buƙatar zuwa Amurka neman yadda ake taɓa waƙar wani cikin mutunci. Magabatansu sun riga sun shimfiɗa hanyar, suna kiran ta tahamisi. Yadda ake yi shi ne, malami zai ɗauko baitin wani mai ɗango biyu, ya ƙaga ɗango uku nasa ya ɗora a gaba, a kan ma'auni ɗaya, baitin ya zama mai ɗango biyar. Ba ya canja ko harafi ɗaya a cikin na mai asali, ba ya zubar da wanda bai gane ba, kuma kowa ya san inda nasa ya tsaya da inda na mai waƙa ya fara.

Ishiriniyar da ake karantawa a zaurukan Birnin Kebbi da Argungu da Jega, musamman a watan Mauludi, haka take. Asalinta na Alfazazi ne, wanda ya rasu a shekara ta 627 bayan Hijira, tahamisin kuwa na Ibn Muhibbi ne, kuma kusan shekara 800 ke nan ba a manta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 kuma kabarinsa ke nan Gwandu, ya yi wa Daliyyar wansa Shehu Usmanu ta begen Annabi (S) tahamisi, ya kuma faɗi mai ita a littafinsa Tazyinul Waraƙati da ya rubuta a 1813. Waƙar Tabbat Haƙiƙa ma hannu uku ta bi: Shehu ya yi ta da Fulatanci, aikin maishe ta Hausa da yi mata tahamisi kuwa ya gudana a hannun 'ya'yansa Nana Asma'u da Isa, kuma ba a ɓoye sunan kowa ba.

Ba ana daidaita waƙoƙin malamai da na makaɗa ba ne, tsakaninsu akwai nisa. Abin lura shi ne ladabin. Waɗannan bayin Allah sun ɗauki aikin wanda ya gabace su a matsayin amana, sun ƙara masa ba su rage shi ba, sun fahimce shi kafin su taɓa shi, sun kuma ambaci mai shi kafin su ambaci kansu. Idan har malami kamar Abdullahin Gwandu bai ga ƙasƙanci ba wajen cewa wannan baiti ba nawa ba ne, to me zai hana yaron situdiyo?

Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi

Sai maganar da ta fi kowace nauyi, wato dukiya. A yau waƙa kuɗi ce. YouTube yana biyan mai tasha gwargwadon masu kallo da tallar da aka sa, ga kuɗin gayyata zuwa biki, ga liƙi. Yaron da ya yi suna da waƙar wani yana hawa mota da ita, alhali wataƙila iyalan mai waƙar da 'yan amshinsa da suka tsufa suna can ƙauye ba su san ma ana yi ba.

Afirka ta ga irin wannan zalunci tun da daɗewa. A 1939 wani Bazulu mai suna Solomon Linda ya yi wata waƙa, Mbube, a birnin Johannasbag, kamfani ya ba shi 'yan sulalla ya karɓe ta. Waƙar ta tsallaka Amurka, aka sake mata suna da baituka, ta yi tashe a 1961, daga baya kuma ta shiga fim ɗin The Lion King na kamfanin Disney a 1994. An tara dukiya mai yawa da ita. Shi kuwa Linda ya mutu a 1962 cikin talauci, kuma sai a 2006, bayan shari'a, aka yi sulhun da ya ba 'ya'yansa kaso. Haka nan waƙar Waka Waka da Shakira ta yi don gasar cin kofin duniya ta 2010, amshinta daga waƙar Zangalewa aka ɗebo shi, wadda ƙungiyar Golden Sounds ta Kamaru ta fitar a 1986, kuma sai da aka yi surutu sannan aka zauna da masu ita aka daidaita.

Kowa ya ji waɗannan labarai zai ce Allah wadaran Turawa da cin gumin baƙar fata. To amma idan Bahaushe ya yi wa marayun Bahaushe irin wannan fa, sunan abin yana canjawa ne? Ko dokar ƙasa ba ta yarda ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta ba mawallafin waƙa haƙƙi tsawon rayuwarsa da kuma shekara 70 bayan mutuwarsa, ta kuma ba shi haƙƙin a ambaci sunansa, da haƙƙin hana a yi wa aikinsa kwaskwarimar da za ta zubar masa da mutunci. Da wannan lissafi, waƙoƙin Ɗanƙwairo suna da masu su har 2061, na Shata da ya rasu a 1999 har 2069, na Barmani da ta rasu a 2013 har 2083, na Ɗanmaraya Jos da ya rasu a 2015 har 2085. Ba kayan tsintuwa ba ne. Kuma ko da babu hukuma babu kotu, wanda ya yi imani da ranar hisabi ya san haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari

Masu fushi kuma kada su ɗauka sun fita. Mutum nawa ne daga cikin masu tsine wa yaran nan ya taɓa sayen kaset na halas wanda ko kwabo ya isa hannun makaɗin? Shekara da shekaru ana kwafar kaset daga kaset a kasuwa, yau kuma ana zuwa wurin masu turi a cika katin waya da waƙoƙi ɗaruruwa a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Wanda ya ci gumin makaɗi yana raye, da wane baki zai kare shi bayan ya mutu? Laifi tudu ne.

Sannan mutum nawa ne ya taɓa zaunar da ɗansa ya fassara masa ɗa ɗaya na Bakandamiyar Narambaɗa, ya gaya masa ma'anar kalmomin da labarin mutanen? An bar yara da finafinan Indiya da aka fassara da tashoshin tauraron ɗan Adam, ba a ba su komai na gida ba, ranar da suka laluɓo na gidan da kansu suka riƙe shi a karkace, sai kuma a hau su da zagi. Yaron da ya waiwayi Ɗanƙwairo a zamanin da duniya duka ke cikin aljihunsa, akwai sauran alheri a tare da shi. Gyara yake buƙata, kora kuwa sai ta mai da shi inda ya fito.

Haka kuma kada son tsohon abu ya rufe ido. Ba duk abin da magabatan makaɗa suka rera ne abin alfahari ba. A ciki akwai hikima da gargaɗi da zuga ga noma da neman na kai, a ciki kuma akwai zambo da cin mutunci, da wasa azzalumi don abin hannunsa, da kambama mutum har a kai shi inda bawa bai isa ba, da batsa da ambaton giya. Gambu na Fagada, a nan Jihar Kebbi, da waƙar ɓarayi ya yi suna, kuma shi da kansa daga baya ya bayyana cewa ya bar ta. Wanda zai tono irin waɗannan ya sa musu sabon kiɗa ya watsa wa yara, bai taimaki mai waƙar ba, nauyi ya ƙara masa a kabari. Saboda haka kafin a tambayi yadda aka maimaita waƙa, sai a fara tambayar ko ta cancanci a maimaita ta.

Mafita

Ga mawaƙan zamani, hanya a buɗe take kuma ba ta da tsada. Wanda zai taɓa waƙar wani ya fara zuwa gidan mai ita ya yi sallama, ya nemi izinin magada, a yi yarjejeniya a rubuce a gaban shaidu kan kason da za su samu. Ya nemi tsofaffin 'yan amshi ko masana su warware masa kalmomin kafin ya buɗe baki. Ya ambaci sunan mai waƙa da bakinsa a farkonta, ya kuma rubuta shi a gaba da nasa. Abin da ya ƙara nasa ne, ya bayyana shi, abin da ya tarar kuma ya bar shi yadda yake. Wanda ya yi haka ya bi sawun masu tahamisi, ba kuma wanda zai kira shi ɓarawo. Wannan ya ƙara zama dole yanzu da aka sami manhajojin kwamfuta masu iya kwaikwayon muryar mutum, har a sa mamaci ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba.

Ga masu riƙe da al'amura, aikin adanawa ya fi aikin ƙorafi. Masana sun yi nasu ƙoƙarin. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata tun 1975, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a littattafai, an kuma fitar da littafin Shata Ikon Allah a 2006. Amma makaɗan Kabi da Gwandu da Yawuri da Zuru suna buƙatar masu bin sawunsu tun sauran waɗanda suka yi zamani da su ba su ƙare ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Kiɗan da ake yi wa masunta a cikin jirage sa'ad da suka faɗa Matan Fada da homa da gora, shi ma yana cikin wannan gado. Me zai hana gidan tarihi na Kanta ya keɓe ɗaki guda don muryoyi, a tattaro tsofaffin faifai da kasakasai daga gidajen rediyo da hannun jama'a, a juye su a na'ura, a rubuta matani da ma'ana? Ga ɗaliban Hausa a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, waɗanda ke neman abin da za su yi bincike a kai. Idan asali yana nan a killace inda kowa zai iya ji, kwafi ba zai iya kashe shi ba.

Ga iyaye da malaman Islamiyya kuwa, nan ne aka fi buƙatar su. Yaron da aka saba masa tun yana ƙarami da cewa idan ya kawo magana ya faɗi inda ya samo ta, idan ya ari abu ya mayar, idan bai sani ba ya tambaya, to ko ya zama mawaƙi ko ɗan jarida ko malami, ba zai ci amanar kowa ba. Satar waƙa da satar amsa a jarrabawa da satar littafin wani a sa suna, duk ciwo ɗaya ne, kuma a gida ake fara maganinsa.

Dattawan Gesse da samarinta suna iya ci gaba da musu a kan wace murya ta fi daɗi, wannan ba zai ƙare ba, kuma ba ya cutar da kowa matuƙar an kiyaye harshe an girmama na gaba. Abin da bai kamata a saɓa a kansa ba shi ne, a kira kowane abu da sunan mai shi, a ba magada haƙƙinsu, kada a lalata harshe, kada kuma a farfaɗo da abin da barinsa a kwance ya fi alheri.

Allah Ya nuna wa al'umma gaskiya Ya ba ta ikon bin ta, Ya jiƙan magabata, Ya shirya zuriya.